Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata a Sauya Katin Hoton Kwamfutar Gem?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili daga cikin garin Kaduna a wannan karo sun karkata ne ga katin hoto na kwamfutar gem, wanda masu shaguna ke kira girafik. Mun tsamo guda biyar, mun kuma taƙaita su domin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Unguwar Rimi. Yayana ya bar mini kwamfutar tebur mai katin GTX 1060 na giga 6, da ram giga 8, da allo na 1080p. Wasan ƙwallo da GTA V suna tafiya lafiya, amma sababbin wasanni suna sarƙewa, wani lokaci hoton ya tsaya cak kafin ya ci gaba. Abokaina sun ce katin ya tsufa, in sayar da shi in sayi RTX. Na ɗan tara kuɗi, shin lokacin sauyawa ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka ba su yi ƙarya ba game da tsufan katin, domin kamfanin Nvidia ya fitar da GTX 1060 ne tun a shekarar 2016. Sai dai shekarun kati ba su ne ke yanke hukunci ba, kuma daga bayanin da ka yi ban gamsu cewa shi kaɗai ne mai laifi ba. Kafin ka taɓa kuɗin da ka tara, akwai gwajin da za ka yi a ɗakinka ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Ka buɗe wasan da ke ba ka wahala, ka tsaya a wurin da ya fi sarƙewa, ka lura da yawan hotunan da yake nunawa a kowace daƙiƙa. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, kuma tana iya rubuta maka wannan adadi a kusurwar allo tare da zafin katin da yawan aikin da yake yi. Daga nan sai ka shiga saitin wasan ka sauke girman hoton daga 1080p zuwa 720p, ka koma daidai wurin da ka tsaya. Idan adadin ya yi tsalle sama sosai, to katin ne ya gaza, domin ka rage masa kaya ya samu sauƙi. Idan kuwa adadin bai motsa ba, ko ya ƙaru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, to matsalar tana wani wuri, galibi a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko a ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, kuma ko ka ɗora kati mafi tsada a kasuwa sarƙewar nan za ta biyo ka. Haka kuma ka duba ma'aunin aikin katin: wanda yake zaune a kan kashi 97 zuwa 100 cikin ɗari yana ba da duk abin da yake da shi, wanda kuwa yake yawo a kashi 60 ko 70 alhali wasan yana sarƙewa, jiran wani yake yi ya miƙo masa aiki. Ka tabbata ka kashe saitin da ke kayyade hotuna a 60 kafin gwajin, in ba haka ba ma'aunin zai ruɗe ka.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne tsayawar da hoton ke yi cak kafin ya ci gaba. Kati mai rauni yakan sa wasa ya yi tafiyar hawainiya ne daga farko har ƙarshe, amma tsayawa ta ɗan lokaci sannan a wuce, ta fi kama da aikin ƙarancin ram. Giga 8 ya yi wa wasannin yanzu kaɗan, domin Windows da manhajojin da ke buɗe a bayan fage sun riga sun cinye wani kaso tun kafin wasan ya tashi, kuma idan ram ya cika sai kwamfuta ta koma ajiye bayanai a kan faifai. Idan faifan naka tsohon hadis ne mai juyawa, to a nan ne hoton zai tsaya yana jira. Mayar da ram ɗin giga 16, musamman a sanda biyu masu giga 8 kowanne domin su yi aiki tare, da kuma ɗora wasannin a kan SSD, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, galibi sun fi sabon kati sauƙin kuɗi, kuma ko da daga baya ka sauya katin, dole ne dama ka yi waɗannan biyun.

Sai batun zafi, wanda mu mazauna Kaduna ba mu da ikon yin watsi da shi. Bayan hunturu ya wuce, ka buɗe murfin gefen kwamfutar ka haska tocila a kan katin. Abin da aka saba gani shi ne ƙura ta yi dam a tsakanin siraran ƙarafan da ke bayan fanka, ta dunƙule kamar audugar katifa, har iska ba ta samun hanyar wucewa. Katunan wannan zubi suna fara rage gudunsu da kansu idan zafinsu ya kai wajen digiri 83, domin kada su lalace, kuma a watannin Maris da Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, ba a daɗewa ake kai wa nan. Alamarsa ita ce wasa ya fara lafiya, bayan ɗan lokaci ya soma ja da baya. A hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, sannan a ba wanda ya san aikin ya sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya shi, domin man da aka shafa tun daga masana'anta ya daɗe da bushewa.

To, idan ka yi duk wannan kuma gwaji ya nuna katin ne, yaushe za a ce lokaci ya yi? A ganina, lokaci ya yi idan wasan da kake bugawa da gaske, ba wanda kake kallo a YouTube ba, ya kasa ba ka tafiyar da ranka zai kwanta da ita duk da ka sauke saiti zuwa ƙasa kuma ka kunna FSR. Wannan FSR ɗin fasaha ce ta kamfanin AMD da ke zana hoton a ƙarami sannan ta faɗaɗa shi, kuma tana aiki a kan katinka, saɓanin DLSS ta Nvidia wadda sai katunan RTX. Akwai kuma bangon da babu saitin da zai tsallakar da kai. Wasannin Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 suna buƙatar kati mai sashe na musamman na lissafin hasken wuta da inuwa, fasahar da Nvidia ta fara sakawa a katunan RTX 20 a shekarar 2018, don haka a kan GTX 1060 ba za su yi ba. Ƙari a kan haka, Nvidia ta sanar cewa daga Oktoban 2025 katunan GTX 10 sun daina samun sababbin direbobi, wato manhajar da ke tafiyar da kati, da ake gyarawa domin sababbin wasanni, sai dai gyaran tsaro kawai har zuwa 2028. Wannan ba ya nufin katin zai mutu, wasannin da kake bugawa yau za su ci gaba da tafiya, amma ƙofar sababbi tana ƙara rufuwa.

Idan ka tashi saye, kada ka yi ƙaramin taki. Sauya GTX 1060 da GTX 1660 Super asarar kuɗi ce a wurina, domin ƙarin ƙarfin bai kai rabi ba, giga 6 ɗin dai shi ne, kuma bangon da na ambata yana nan. Ka nemi abin da zai ba ka kusan ninki biyu, irin su RTX 3060 mai giga 12 na shekarar 2021, ko RTX 4060 na 2023, ko RX 7600 na AMD. Ka kuma sa ido a kan gigar katin, wato girman ma'ajiyarsa, domin giga 8 a yau shi ne mafi ƙarancin abin da mutum zai saya da niyyar riƙewa, kuma wanda ya samu 12 ko 16 zai fi daɗewa bai koma kasuwa ba. Tun da allonka na 1080p ne, idan kuma mai sabunta hoto sau 60 ne a daƙiƙa kamar yawancin allunan ofis, to duk hoton da kati zai zana sama da 60 idonka ba zai gan shi cikakke ba, don haka babu dalilin cin bashi domin katin da aka ƙera saboda allon 4K, wanda ɗigon hotonsa ya ninka na allonka sau huɗu.

TAMBAYA: Ni uwa ce daga Malali. Na saya wa ɗana kwamfutar ofis ta hannu, irin siririyar nan da ake kwantarwa a kan tebur, domin karatu. Yanzu ya dame ni cewa sai an saka mata katin gem, kuma wani mai shago ya ce kowane kati zai shiga muddin na biya. Ban san komai a kan wannan ba, ina neman shawara.

AMSA: Ranki ya daɗe, Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki biya, domin maganar mai shagon rabin gaskiya ce. Gaskiya ne ramin da ake soke katin, wanda ake kira PCIe, iri ɗaya ne tsawon shekaru, kuma sabon kati yakan yi aiki a tsohon rami. Amma akwai abubuwa biyu da bai faɗa miki ba, wato wuri da wuta.

Waɗannan siraran kwamfutocin ofis ba su da faɗin da katin gem na sosai zai zauna a rufe murfi, sai dai gajeren kati da aka ƙera musamman dominsu. Sannan akwatin wutar da ke cikinsu ƙarami ne, yawanci tsakanin wat 180 zuwa 250, kuma ba shi da wayar da ake jona wa kati kai tsaye. Ramin kansa wat 75 kawai yake iya bayarwa, alhali RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwatin wuta na wat 550 ga kwamfutar da za ta ɗauke shi. Sau da yawa ma ba a iya sauya akwatin wutar irin waɗannan kwamfutoci da na kasuwa, saboda kamfanonin sun yi masa siffa da mahaɗa tasu ta daban.

Abin da nake jan kunnenki a kai shi ne wata 'yar waya da wasu masu gyara ke amfani da ita, wadda ke ɗebo wuta daga mahaɗar faifai ta kai wa katin. Mahaɗar faifai ba a yi ta domin wannan nauyi ba, tana iya yin zafi har robarta ta narke, kuma idan abin ya zo da ƙarar kwana ta tafi da katin da kwamfutar gaba ɗaya. Idan aka ce miki za a yi dabara, ki ce a bar dabarar.

Abin da zai yiwu shi ne gajeren kati da ba ya buƙatar ƙarin waya, kamar GTX 1650 mai giga 4, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai giga 6 wanda ke jan wat 70, bayan an karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar an ga zai ɗauka. Waɗannan za su isar wa yaro wasan ƙwallo da Fortnite da makamantansu a matsakaicin saiti. A ɗauki kwamfutar a kai shagon, a saka katin a gabanki, a rufe murfin, a kunna wasa ya yi aƙalla rabin awa kafin kuɗi su bar hannunki. Idan kuma burinsa ya wuce nan, gara a bar wannan ta karatu yadda take, a riƙa tara kuɗin wata a hankali.

TAMBAYA: Ina da gidan gem a Tudun Wada mai kwamfutoci goma, duka da RX 580. Kwastomomi ba su cika ƙorafi ba, amma kuɗin wuta da man janareta sun yi mini yawa. An yi mini tayin katunan hannu masu araha daga Legas. In karɓa, ko in haƙura da nawa?

AMSA: Malam, tun da masu biyan kuɗin ba su koka ba, ƙarfin katin ba shi ne damuwarka ba, lissafin wuta ne, don haka mu yi shi a fili. RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a shekarar 2017, yana jan wat 185 idan yana cikakken aiki, RTX 4060 kuwa wat 115, RX 6600 kuma wat 132, kuma dukansu biyun sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mu ɗauki bambancin wat 70. Idan kowace kwamfuta tana aiki awa goma a rana, kwamfutoci goma za su rage maka yunit 7 a kullum. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa masu rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 1,575 a rana, wato naira 47,250 a kwana talatin. Wannan fa idan katunan suna aiki da dukkan ƙarfinsu ne tsawon awannin goma, abin da wasan ƙwallo ba ya sa su yi, don haka ainihin ragin zai gaza haka. Ka kwatanta da kuɗin kati goma, za ka ga cewa kafin ragin wuta ya biya su an daɗe. A kan janareta lissafin ya fi daɗi, domin yunit ɗin fetur ya fi na NEPA tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, amma ko a nan ban ga dalilin sauya goma a tashi ɗaya ba.

Akwai abin da za ka yi yau da yamma kyauta. A cikin manhajar AMD ka kayyade hotuna a 60 idan allunanka na 60 ne, ka kuma ɗan sauke iyakar wutar katin. RX 580 ya yi suna wajen jan wutar da ta fi buƙatarsa, kuma idan aka rage masa, zafi da ƙarar fanka suna sauka ba tare da mai wasa ya lura ba. Bayan haka sai ka sauya biyu ko uku kawai, ka ware su ga masu son sababbin wasanni a farashin awa na daban, ka ga ko kasuwa za ta karɓa.

Game da tayin Legas kuwa, a yi hattara. Har zuwa watan Satumban 2022, lokacin da tsarin Ethereum ya daina dogara da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, dubban katuna sun yi shekaru suna aiki dare da rana a rumbuna, kuma da harkar ta mutu sai aka juye su a kasuwannin duniya, har da namu. RX 580 da RTX 3060 da 'yan uwansu suna cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ba kowane katin haƙa ne matacce ba, amma fankarsa da ma'ajiyarsa sun sha wuya. Akwai kuma na jabu, inda ake ɗaukar tsohon kati mai rauni a sauya masa suna a cikin manhajarsa ya riƙa nuna GTX 1050 Ti ko GTX 1060. Manhajar GPU-Z tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar da ke ciki, kuma takan yi wa irin waɗannan tambarin jabu. Ka duba kusoshin bayan katin ko an taɓa kwance su, ka duba tsatsa a bakin mahaɗar allo, ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana gurnani. Sannan a kunna manhajar gwajin kati ta FurMark ko wasa mai nauyi na tsawon lokaci, ana kallon zafi, ana kuma duba ko ɗige-ɗige masu launi ko layuka za su bayyana a allo, domin wannan alamar ma'ajiya ce da ta fara lalacewa. Katin da za a ɗoro maka a mota ba ka gwada ba, kuma babu yarjejeniyar mayarwa a rubuce, ni ba zan saya ba ko da rabin kuɗi ne. Ka ce a turo guda ɗaya tukuna.

Kada kuma ka manta da abin da ke tsakanin soket da kwamfuta. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, da sauyawa daga NEPA zuwa janareta, suna kashe akwatin wuta marar inganci, shi kuma idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Akwatin wuta na kirki da sitabilaiza ko UPS suna cikin kuɗin kati, ko da mai sayarwa bai lissafa maka su ba.

TAMBAYA: Laftof ɗina na gem yana da GTX 1650. Zan iya cire shi in saka babba? Daga wata ɗaliba a Barnawa.

AMSA: A'a, ƙanwata. A kusan dukkan laftof an narka katin ne a jikin babban farantin na'urar, ba a cire shi. Abin da za ki iya shi ne ƙara ram idan akwai gurbi, da saka SSD, da share ƙurar fanka, da kuma yin wasa caja tana jone, domin a kan batir laftof yana rage wa katin ƙarfi da gangan. Akwai akwatin da ake saka kati a waje a jona ta mahaɗar Thunderbolt, amma ba kowane laftof ne ke da ita ba, kuma kuɗin akwatin da katin idan aka haɗa sun isa a fara harhaɗa kwamfutar tebur.

TAMBAYA: Ina da RTX 3060 kuma komai yana tafiya daidai, amma na ga an fito da RTX 5060. In sayar da nawa tun yana da daraja, ko in jira dala ta sauko? Daga wani ma'aikaci a Kawo.

AMSA: Yallaɓai, ka riga ka amsa wa kanka da ka ce komai yana tafiya daidai. RTX 5060 ya fito a watan Mayun 2025 a kan dala 299, farashin da RTX 4060 ya fito da shi a 2023, kuma ya fi naka sauri, babu musu. Amma giga 8 gare shi, naka kuwa 12, don haka za ka ba da kati mai faɗin ma'ajiya ka cika kuɗi ka karɓi mai ƙunci, kuma a wasannin da ke cin ma'ajiya da yawa za ka ji wannan ragin. Idan har za ka motsa, to ka motsa zuwa mai giga 16, kamar RTX 5060 Ti ko RX 9060 XT masu wannan adadi, kuma hakan zai fi ma'ana ranar da ka sayi allon 1440p, wanda ɗigon hotonsa ya ɗara na 1080p da kusan kashi 78 cikin ɗari.

Batun jiran dala kuwa, tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, ɗan kasuwar da ya sayo kaya da tsada ba ya saurin sauke farashi ko da dala ta sauka, sai tsohon kayansa ya ƙare. Saboda haka ka riƙa tambayar farashi a shagunan cikin gari, ka kwatanta da na Abuja da Legas, ka haɗa da kuɗin mota da wahalar mayarwa idan kaya ya ba da matsala. Idan ranar sayarwa ta zo, katin da aka ajiye kwalinsa da rasidinsa, aka kuma riƙa share masa ƙura, ya fi saurin samun mai saye, kuma ka bar mai sayen ya gwada shi a gabanka kafin ku yi ciniki.